Shaidar da Na Riƙe Kwana Tara

Shekarata takwas ina koyarwa a sashen nazarin duwatsu na jami'ar da ke bayan gari lokacin da wannan abu ya faru. Digiri na biyu nake da shi. Duk wanda ya san aikin jami'a ya san mai digiri na biyu kamar mai tsayuwa a zaure yake, bai shiga cikin gida ba, bai kuma koma waje ba. Waɗanda aka ɗauke mu aiki tare sun fita ɗaya bayan ɗaya, wannan Malesiya, wancan Turkiyya, sun dawo ana kiran su Dakta. Ni kuwa ina nan, Malam jiya, Malam yau.

Ba zama na yi na naɗe hannu ba. Ranakun Talata da Alhamis ba ni da lakca sai bayan azahar, don haka da hantsi nake buɗe kwamfuta a ofishin da muke zama mu uku, in shiga aika wa farfesoshin ƙasashen waje saƙon imel ina neman su ɗauke ni karatun digiri na uku. Wasiƙa ɗaya ce nake da ita, wadda na yi wata uku ina goge ta. Ta fara da yabo, ta bi da tarihin karatuna, ta ƙare da roƙo cikin ladabi. Turancinta ba shi da makusa. Suna kawai nake sauyawa da jimla ɗaya a tsakiya. Mafi yawansu shiru suke yi. Kaɗan su ce ba su da gurbi bana. Har na saba da shirun, na daina jin zafinsa sosai.

Amma akwai mutum ɗaya da shirunta bai taɓa daina yi mini ciwo ba. Wata dattijuwar farfesa ce a wata jami'a ta arewacin Turai. Rayuwarta duka ta ƙare a kan nazarin tekun da ya taɓa rufe ƙasarmu tun kafin a yi mutane. Da yawa ba su san Sakkwato ta taɓa zama ƙarƙashin ruwa ba, amma wanda ya je Kalambaina ya fasa dutsen farar ƙasa zai ga katantanwa da sauran halittun ruwa sun koma dutse a ciki. A kan wannan na yi digirina na biyu, kuma rubuce-rubucenta ne suka buɗe mini ido. Sau huɗu na rubuta mata cikin shekara uku, kuma ita ba wasiƙar kowa-da-kowa nake aika mata ba, zama nake yi in tsara sabuwa. Ko kalma ɗaya ba ta taɓa dawo mini da ita ba.

A waccan shekarar aka ba ni ɗalibai shida na ajin ƙarshe in duba aikin bincikensu. Cikinsu akwai wani ɗan Kwalkwalawa, ƙauyen da ke daf da jami'a. Mahaifinsa manomin shinkafa ne a fadama, yana kuma taɓa kamun kifi idan ruwa ya ja. Dogo ne siriri, a kan keke yake zuwa, kuma sau da yawa za ka ga busasshen taɓo a dugadugansa. Ba ya cikin na gaba-gaba a jarrabawa. Turancinsa na tafiya ne da ɗingishi. Abin da Allah ya ba shi ido ne: wurin da mutum goma suka wuce ba su ga komai ba, shi sai ya sunkuya ya ɗauko wani abu.

Wata Asabar da safe na kai su wani tsohon rami a Kalambaina inda aka daɗe da daina haƙa. Rana ta fara zafi, ina shirin cewa a tattara, sai ya zo da wani abu a tafin hannunsa, bai kai ƙwallon dabino ba, shimfiɗaɗɗe, mai sheƙi, da layi-layi a ƙasansa.

"Malam, wanga haƙori na," in ji shi.

Na juya shi sau biyu na ce ɓallin bawon katantanwa ne.

"Allah shi gafarta Malam, ya yi kama da abin da kihi ke niƙa da shi cikin baki. Ina ganin irinai in muna gyaran kihi."

Na ce masa, a gaban sauran, kifin kogin Rima daban, ilimi daban. Suka yi dariya. Shi ma ya yi murmushi, ya naɗe abin a takarda ya sa a aljihu.

Bayan kwana biyu ya same ni a ofis da maganar. Don in rufe bakinsa na ɗauko wata maƙala ta farfesar nan na nuna masa hotunan ciki. Ya daɗe yana kallo. Sai ya ɗago ya tambaye ni ko matar tana da rai. Na ce tana nan. Ya ce, to ana iya tambayarta?

Na yage gefen takarda na rubuta masa adireshin imel ɗinta, wanda na haddace kamar lambar wayata. Ina tuna abin da ke raina a lokacin, kuma ba alheri ba ne. Cewa na yi bari shi ma ya ɗanɗana shirun nan, ya san duniya ba Kwalkwalawa ba ce.

Ranar Alhamis ya shigo ba tare da ya gama sallama ba, wayarsa mai fasasshen gilashi a hannu.

"Malam, ta maido amsa. Taimaka ka karanta min, kar in hwahimce ta ba daidai ba."

Na karɓa. Na fara ganin abin da shi ya aika. Layi uku ne, babu yabo, babu tarihin karatu, da kuskuren nahawu a kowane layi. Ya ce shi ɗalibi ne a Sakkwato, ya tsinci wannan a wuri kaza, malaminsa ya ce bawo ne, shi yana ganin haƙorin kifi ne, wa ya yi daidai? Ya haɗa da hoto, ya ajiye biro a gefen abin don a gane girmansa, kamar yadda na koya musu.

Amsarta ta fi tasa tsawo sau biyar. Ta ce shi ne ya yi daidai, haƙorin wani kifin teku ne mai faɗi da ke murƙushe abincinsa. Ta tambaye shi a wane hawa na ramin ya same shi, da me ke samansa da ƙasansa, ko zai iya komawa ya ɗauko mata wasu hotunan. Ta ƙare da cewa yana da ido mai kyau.

Na karanta masa ina fassarawa da Hausa, muryata daidai, fuskata a sake. Na ce masa madalla, na yi kuskure, ilimi ke nan. Da ya fita na rufe kwamfutar ban aika wa kowa komai ba a ranar.

Daga nan shi da farfesar suka ɗinke. Kusan kowane mako sai ya zo da sabon saƙo. Na shiga halin da ban taɓa sanin ina da shi ba. Idan na hango kekensa a jingine gindin dogonyaron da ke gaban sashe, sai in ji raina ya ɓaci tun kafin in gan shi. Babin farko na aikinsa na cika shi da jan biro har ba a ganin rubutunsa, alhali na wasu da suka fi nasa rauni na wuce su da gyara kaɗan. Idan abokan aiki suka ce, "Ɗalibinka ya yi abin kai," sai in ce ai ni na haɗa su. Gaskiya ce, amma na san dalilin da ya sa nake faɗa. Shi kuwa bai ga komai ba. Duk gyaran da na yi masa sai ya bi ɗaya bayan ɗaya, ya dawo yana godiya.

Bayan wata huɗu ta yi masa tayi. Idan ya kammala, ya je ɗakin bincikenta ya yi wata shida yana koyon aiki, su za su ɗauki nauyinsa. Idan ya yi ƙoƙari ya zarce digiri na biyu, daga nan kuma abin da Allah ya yi. Abu ɗaya ya rage, takardar shaida daga malamin da ke duba aikinsa.

Ranar wata Litinin na fito daga lakca, alli a hannuna, na duba waya sai na ga sunanta a akwatin saƙona. Shekara uku ina jiran ganin sunan nan a wurin. Na san abin da ya kawo shi, yaron ya riga ya gaya mini, amma duk da haka sai da na tsaya a baranda ina cewa wataƙila ta tuna. Na buɗe. Ta gaishe ni da mutunci, ta gabatar da kanta kamar ban san ta ba, ta roƙe ni in gaya mata gaskiyar abin da na sani game da ɗalibina cikin mako biyu. Babu alamar ta taɓa ganin sunana.

Kwana uku na yi ina rubuta shaidar. Na ce yana zuwa aji a kan lokaci. Na ce yana da ladabi da biyayya. Na ce sakamakonsa matsakaici ne, Turancinsa na bukatar aiki sosai, kuma bai taɓa fita daga jiharmu ba. A ƙarshe na ƙara sakin layi guda a kan nawa binciken, da cewa ni ma ina da sha'awar aiki da ita. Ban ambaci idonsa ba ko sau ɗaya.

A gidanmu na gado nake zaune, a Ƙofar Dundaye, a sashen da aka yanka mini bayan rasuwar mahaifinmu. Matata malamar Turanci ce a makarantar sakandare, kuma ita ke duba mini duk abin da zan aika waje. Bayan la'asar ranar Alhamis na miƙa mata kwamfutar tana zaune a tabarma tana tsince zogale. Ta goge hannu ta karanta har ƙarshe, ta koma sama ta sake.

"Babu kuskure," ta ce.

Na miƙa hannu zan karɓa, ba ta saki ba.

"Malam, dut abin da ka rubuta gaskiya na. Amma da ni ce matar ga, in na karanta wanga ba ni ɗaukar shi. Kai ma ka sani."

Na ce shaida ake nema ba kirari ba.

"To wanga na ƙarshe hwa? Shaidar tashi ta, ko taka?"

Na karɓe kwamfutar na ce Turanci na ce ta duba, ba zuciyata ba. Ta ci gaba da tsince zogalenta. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. A gidan nan na tashi ina ganin ana zuwa ɗaukar mahaifinmu ya ba da shaida a kan iyakar gona ko rabon gado, ya je ya faɗi abin da ya sani ko da a kan ɗan'uwansa ne. Ba na bukatar kowa ya gaya mini hukuncin wanda ya ɓoye rabin shaida. Na sani sarai. Sanin bai hana komai ba. Ban aika ba, ban kuma goge ba.

Ranar Asabar da hantsi aka ce ana sallama da ni. Na fito zaure na tarar da wani dattijo da ban sani ba, da farin gemu da ƙaramin buhu a gefensa. Ya yunƙura zai durƙusa na riƙe shi. Mahaifin yaron ne. Ya kawo mini shinkafar gonarsa. Muka gaisa, muka tambayi iyali da ruwa da fadama, sannan ya gyara zama.

"Allah shi gafarta Malam, yaron ga ya ce min wata mata ta kira shi ƙasar Turawa. Ni ban san kan abin ga ba. Uwatai kwana ukku ba ta ci abinci ba. Shi na babba, shi ka kama min aiki. Munka ce mu zo ga wanda ya san shi, ya san can. In kac ce shi tahi, shi tahi. In kac ce shi zamna, wallahi ba ya ɗaga ƙahwa."

Ban san can ba. Ban taɓa wuce Legas ba. Amma ban gaya masa haka ba. Na zauna ina kallon tsagaggun hannuwansa a kan gwiwa, na gane cewa ƙofa biyu ce yanzu a hannuna, ta waje da ta gida, kuma kowacce zan iya rufe ta ba tare da na yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin kunyar shi ne daɗi na ji. Na ce masa, "Baba, maganar babba ce. A ba ni zuwa Talata, ni zan zo da kaina." Ya yi ta sa mini albarka har ya fita.

Lahadi da Litinin na yi su ina tara hujjoji. Akwai sanyi. Akwai abinci. Akwai zama cikin mutanen da ba sa salla. Yaro ne, bai ƙware ba, gara ya yi digiri na biyu a gida ya ƙara nuna, in ya so daga baya ya nema. Ga tsufan uba, ga hawayen uwa. Kowace hujja na ɗauka sai in ga mai hankali zai iya faɗin ta. Ranar Litinin muka haɗu da yaron a matakala, ya rusuna ya gaishe ni, ya wuce. Bai tambaye ni shaidar ba, bai ce mahaifinsa ya zo ba. Ban sani ba ko kunya ce ko yarda, amma na ji haushin hakan ma.

Talata da safe na hau babur na nufi Kwalkwalawa. A gida aka ce suna fadama. Na bar babur a bakin hanya na bi ta kan kunyoyin gona da takalmin ofis. Na hango su su biyu a sunkuye cikin ruwa suna dashe, uban a gaba, ɗan a baya, layinsu a miƙe kamar an ja da zare. Dattijon ya gan ni, ya wanke hannu a ruwan kwari, ya fito yana ba ni haƙurin wahalar da na sha. Ɗan ya tsaya daga nesa da damin iri a hannu.

Na buɗe baki da niyyar farawa da maganar sanyi. Tsohon yana kallona, ya ɗan karkato da kunne don kar kalma ta wuce shi. Babu wanda ya taɓa saurarona haka, ko a aji. Na kasa.

"Shi tahi, Baba," na ce. "Cikin ɗalibban da na koyar ban ga mai ido irin nashi ba. In ya zamna, an yi hasara."

Ya dubi ƙasa, ya ce, "To. Allah shi sa alheri na." Ya juya ya kira ɗansa.

Ba zan ce zuciyata ta wanke a wurin ba. A hanyar komawa ina tuƙi ina jin kamar an ƙwace mini wani abu, har na wuce kwanar sashenmu sai da na juyo. Na shiga ofis da taɓo a takalmi, na goge tsohuwar shaidar, na rubuta sabuwa. Ko rabin awa ba ta ɗauke ni ba. Na ba da labarin haƙorin yadda ya faru, har da dariyar da na sa aka yi masa. Na faɗi raunin Turancinsa, na kuma faɗi yadda yake bin gyara. Sakin layin da ke magana a kaina na cire shi, na mayar, na sake cirewa. Daga ƙarshe na aika ba shi.

Washegari ta amsa da layi biyu. Ta gode, ta ce shaida ce mai amfani ƙwarai. Shi ke nan.

Ya tafi bayan ya gama hidimar ƙasa. Watannin farko yakan turo mini hotuna, ga shi cikin farar riga gaban na'urar da ni a littafi kawai na san ta, ga shi cikin jibgegiyar rigar sanyi yana dariya. Wani hoton sai ya kwana biyu ban buɗe ba. In na buɗe in rubuta masa, "Madalla, Allah ya ƙara basira." Wata shidan ya zama shekara biyu, shekara biyun ta zama digiri na uku. Ni kuma na daina aika saƙonnin Talata da Alhamis, na yi rajistar nawa digirin a nan gida, ƙarƙashin wani dattijon farfesa na sashenmu. Duwatsun da nake bukatar a auna, yaron nake aika wa, shi yake auna mini a can ya turo sakamako, bai taɓa jinkirtawa ba.

Bara ya zo ganin gida, shugaban sashe ya roƙe shi ya gabatar da bincikensa. Ɗakin ya cika har da na tsaye. Ni aka sa na gabatar da shi, na kuma yi shi yadda ya kamata. Turancinsa ya miƙe, amma har yanzu in ya zo wurin da ke burge shi sai ya manta da allo ya shiga kwatance da hannu. Da aka zo tambayoyi na ɗaga hannu na yi masa wata mai wuya, wadda na kwana biyu ina shiryawa, wadda ta fi ƙarfin taron. Ya ce, "Malam ya taɓo inda ke yi mini ciwo." Ya amsa rabi da kyau, ya ce sauran rabin bai sani ba tukuna. Aka tafa masa. Ni ma na tafa.

Bayan an watse na ce ya zo in sauke shi, lokacin na sayi 'yar tsohuwar mota. A hanya ba mu yi maganar duwatsu ba. Ya ba ni labarin ambaliyar da ta ci rabin shinkafarsu, da ciwon gwiwar da ya hana mahaifinsa shiga ruwa, da ƙanensa da ya karɓi gonar. Ya tambaye ni yaushe zan kare nawa digirin, na ce in Allah ya so baɗi. Na sauke shi a bakin kasuwa inda ɗalibai ke sayen rake da soyayyen kifi, ya sunkuyo ta taga ya ce in gaida Hajiya da yara. Na ce za su ji. Na juya mota na kama hanyar gari, don an kusa tashin yara daga Islamiyya kuma ranar ni ke da ɗauko su.